Idan dambu ya yi yawa: yadda Amurka ta yi fama da gyaran manyan sakandaren birane

A unguwar Bronx ta birnin Niyok akwai wani tsohon gini mai hasumiya da ake kira Morris. Makarantar da aka gina shi dominta ita ce sakandaren gwamnati ta farko a unguwar, an kafa ta a 1897, kuma a nan Colin Powell ya gama a 1954, tun kafin ya zama janar, balle sakataren harkokin wajen Amurka. Ginin yana nan daram, yara suna shiga suna fita kowace safiya, amma ita makarantar Morris babu ita. A 2002 hukuma ta daina tura mata sababbin ɗalibai, ta bar na ciki su ƙarasa, zuwa 2005 aka naɗe tabarmarta. Yanzu ƙananan makarantu ne suke raba ginin, kowace da sunanta da shugabanta da malamanta. Haka aka yi wa Evander Childs da Theodore Roosevelt da Taft da Walton, duk a Bronx ɗin. Laifinsu ɗaya ne: a irin waɗannan makarantu, cikin yara 100 da suka shiga, waɗanda ke fita da takardar shaida a kan lokaci ba su kai 40 ba.

Kafin a gane ciwon sai an san yadda sakandaren Amurka take. Shekara huɗu ce, daga aji tara zuwa aji goma sha biyu, yaro yana shiga yana ɗan shekara 14. Babu zancen a zauna a aji guda malamai suna zuwa suna tafiya kamar yadda muka saba. Malami ne mai ɗaki, yaro ne mai yawo. Duk ƙararrawa ya ɗauki jakarsa ya nufi wani ɗakin, ya tarar da wani malamin da wasu abokan zama daban, sau bakwai ko takwas a yini. Kowane darasi ya ci a ƙarshen zango sai a rubuta masa maki, kuma tarin makin nan ne ke kai shi ga takardar gamawa. A Niyok na wancan lokaci malamin sakandare yana iya koyar da aji biyar a rana, kowane aji yara 34. Mutum 170 ke nan. Ka ce masa ya ba kowa aikin rubutu shafi ɗaya, ya karanta kowane na minti biyar, ka ɗora masa aikin awa goma sha huɗu. Ba zai ba da ba. Yaron da ya daina zuwa aji na uku ranar Talata, malamin aji na huɗu bai sani ba, na ukun ma sai ya ga ai an rage masa kaya. Kowa ya koyar da yaron, amma ba na kowa ba ne.

Girman nan ba haɗari ba ne, da gangan aka yi shi. Tun a shekarun 1930 sakandaren DeWitt Clinton ta Bronx ta taɓa ɗaukar ɗalibai wajen 12,000. Sannan a 1959, shekara biyu bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik ta tayar wa Amurkawa da hankali, tsohon shugaban Jami'ar Harvard James Conant ya fitar da rahoton da ya ce ƙaramar sakandare ba za ta iya samar da malamin fiziks da ɗakin gwaji da harsunan waje ba, don haka a haɗe ƙanana su zama manya. Shi abin da ya nema bai taka kara ya karya ba, cewa ya yi ajin ƙarshe kada ya gaza mutum 100. Amma hukumomi sun ji “babba ya fi”, suka riƙe. A lokacin kuma yaron da ya gudu daga makaranta yana da wurin zuwa, domin masana'antu suna ɗaukar mai ƙarfin jiki ba tare da tambayar takarda ba. Da masana'antun suka bar birane, sai ya zama wanda ya fita ba takarda ya fita ba komai.

A 2004 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Robert Balfanz da Nettie Legters, suka yi wani lissafi mai sauƙi. Suka ɗauki yawan yaran aji tara a kowace sakandare, suka kwatanta da yawan 'yan aji goma sha biyu bayan shekara uku. Suka tarar da makarantu wajen 2,000 inda kashi 40 cikin 100 ko fiye suke ɓacewa a hanya, kuma daga waɗannan ne ake samun kusan rabin duk masu barin sakandare a ƙasar. Yawancinsu a manyan birane suke da kuma jihohin kudu, cike da 'ya'yan talakawa, baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka. Aka yi musu laƙabi da masana'antun ƙera 'yan gudun makaranta. Amfanin binciken shi ne ya nuna matsalar tana da adireshi.

A raba dambun

Maganin da ya fi shiga kunnen mutane shi ne a rage girman. Ba daga ofis ra'ayin ya fito ba, daga malamai ne. Deborah Meier ta buɗe ƙaramar firamare a gabashin Harlem a 1974, ta biyo da sakandare a 1985, inda kowane malami yake riƙe da wani ɗan rukunin yara yana bin lamarinsu har gida. Ted Sizer, wanda ya kafa ƙungiyar makarantu masu irin wannan tunani a 1984, ya dage cewa kada malamin sakandare ya wuce ɗalibai 80, domin ba ka iya koyar da wanda ba ka sani ba. A 1993 aka fara kwashe sakandaren Julia Richman da ke Manhattan, wadda kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke gamawa a cikinta, daga baya aka cika ginin da ƙananan makarantu shida, har da ɗakin renon jarirai domin ɗalibai mata masu goyo su iya zama a aji.

Sai kuɗi ya shigo. Bill Gates, wanda mu a nan muka fi sani da rigakafin shan-inna, a gida Amurka gidauniyarsa ta mai da hankali kan sakandare. Daga 2000 ta zuba kusan dala biliyan 2 a wannan fage, mafi yawa wajen kafa ƙananan makarantu ko farfasa manya. Duk birnin da ke son tallafi ya san kalmar da zai rubuta a takardar roƙonsa.

Abin da ya faru a sakandaren Manual ta birnin Denver ya isa misali. A 2001 aka raba ta uku, kowane bene makaranta guda, kowace da shugabanta. Malaman su ne na jiya, yaran su ne na jiya, littattafan ma haka. Abin da ya ƙaru shi ne shugabanni uku masu jayayya kan ɗakin cin abinci da filin wasa, abin da ya ragu kuma shi ne darussan da ba su yiwuwa sai da taron yara, irin su manyan azuzuwan masu hazaƙa da ƙungiyar mawaƙan makaranta da ake alfahari da ita. Iyayen da ke da zaɓi suka kwashe 'ya'yansu. A 2006 shugaban hukumar ilimin birnin, Michael Bennet, wanda daga baya ya zama sanata, ya rufe ta, sai a shekarar da ta biyo aka sake buɗewa daga tushe. Duk wanda ya ga yadda aka raba ƙaramar sakandare da babba a cikin shinge ɗaya a Najeriya bayan dokar UBE ta 2004, shugaba biyu, rijiya ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake dalilin rabon namu daban ne. An zuba dambun a kwano uku, man da ke ciki bai ƙaru da ko cokali ba.

A farkon 2009 Gates da kansa ya rubuta a wasiƙarsa ta shekara cewa da yawa daga ƙananan makarantun da suka kashe wa kuɗi ba su ɗaga ƙoƙarin ɗalibai yadda za a gani ba, kuma sun fi samun nasara wajen kafa sabuwar makaranta a kan gyara tsohuwa. Gidauniyar ta juya akalarta zuwa auna ingancin malamai. Kafin nan ma wani masanin ƙididdiga, Howard Wainer, ya riga ya tona wani rami a ƙarƙashin hujjar. Masu goyon bayan ƙanana suna cewa a duba jerin makarantun da suka fi cin jarrabawa, za a ga ƙanana sun yi yawa a ciki. Ya duba alƙaluman jihar Pennsylvania ya ce gaskiya ne, amma a duba jerin na ƙarshe ma, nan ma ƙananan ne suka yi yawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Aji mai yara 20, haziƙai uku sun isa su cilla shi sama, raunana uku su jefa shi ƙasa. Makaranta mai yara 2,000 ba ta motsawa da mutum uku. An ɗauki rawar ƙaramin adadi an ce inganci ne.

Jaridu suka rufe babin, aka ce attajiri ya yi asarar biliyoyi. Sai dai an yi gaggawar binne gawar.

Ƙuri'ar Niyok

A 2002 magajin garin Niyok Michael Bloomberg ya karɓi ikon makarantun birnin kai tsaye, ya naɗa lauya Joel Klein ya shugabance su. Daga nan zuwa 2008 suka rufe manyan sakandare fiye da 20, suka buɗe ƙanana fiye da 200. A lokaci guda aka sauya yadda ake raba yara. Wasu masana tattalin arziki, ciki har da Alvin Roth wanda ya ci kyautar Nobel a 2012, suka tsara hanyar da kowane ɗan aji takwas zai jera makarantu har 12 da yake so, kwamfuta ta daidaita. Inda masu nema suka fi kujeru yawa, kuma makarantar ba mai tace ɗalibai da jarrabawa ba ce, sai a yi ƙuri'a.

Ƙuri'ar nan ce ta ba masu bincike abin da ba kasafai ake samu ba a harkar ilimi. Kullum idan makaranta ta yi fice ana iya cewa ai yaran kirki ta tsinta. Amma a nan ga yara biyu, unguwa ɗaya, dukansu sun nemi makaranta ɗaya, sa'a ce kawai ta shigar da ɗaya ta bar ɗaya. Cibiyar bincike ta MDRC ta bi sawun yara wajen 21,000 da suka shiga irin wannan ƙuri'a a ƙananan makarantu sama da 100. Rahotonta na 2010 ya nuna tazarar kusan maki 7 cikin 100 wajen gamawa. Da aka ƙara tattara shekaru, a 2014 lissafin ya tsaya a kashi 71.6 na waɗanda suka samu shiga, da kashi 62.2 na waɗanda ƙuri'a ta kayar. Shiga manyan makarantu bayan sakandare ma ya ƙaru da maki 8 da ɗoriya. Kuma tun da ƙarin yara suna gamawa cikin shekara huɗu ba sa komawa ta biyar, kuɗin da ake kashewa a kan kowane wanda ya gama ya fi na sauran makarantun sauƙi. Mafi yawan yaran nan talakawa ne, da dama sun shigo karatunsu bai kai na ajinsu ba.

To me ya raba Niyok da Denver, alhali maganin sunansa ɗaya? A nan ne nake ganin duk zancen yake. A Niyok ba a raba tsohuwar makaranta an sauya mata allon suna ba. Duk mai son buɗe makaranta, yawanci gungun malamai tare da wata ƙungiyar unguwa ko jami'a ko gidan tarihi, sai ya rubuta tsarinsa ya kare shi a gaban kwamiti, kuma ba kowa ke tsallakewa ba. Wanda ya tsallake ya fara da aji tara kaɗai, yara wajen 100, shugaban yana da babban hannu wajen zaɓen malamansa. Badi a ƙara aji ɗaya, har shekara huɗu ta cika makarantar. A shekarar farko malamai shida ko bakwai ne, suna iya zama a teburi ɗaya su ambaci kowane yaro da sunansa kafin shayi ya huce. Ƙanƙantar ta ba da damar hakan, amma mutanen da aka tara da al'adar da suka kafa tun ranar farko su ne suka yi aikin. Wani bincike na Valerie Lee da Julia Smith a 1997 ma ya nuna yara sun fi koyo a sakandare mai ɗalibai 600 zuwa 900, wato ƙanƙanta ma tana da iyakarta.

Gyaran bai zo a banza ba, kuma masu sukarsa ba 'yan hassada ba ne kawai. A shekarun farko an yarda wa sababbin makarantun su jinkirta karɓar yara masu buƙata ta musamman da baƙin da ba su iya Turanci ba har shekara biyu. Ina waɗannan suka tafi? Manyan makarantun da suka rage. Wani rahoto na jami'ar New School a 2009 ya nuna yadda rufe wata babba ke tura ɗaruruwan yara masu rauni zuwa maƙwabciyarta, halartar aji ta faɗi a can, bayan 'yan shekaru ita ma a sa ta a layin rufewa. Ƙungiyar malamai ta kai ƙara kotu, tsofaffin ɗalibai suka cika zaurukan taro suna ihu, domin makarantar da kakanka ya yi ba gini ba ce kawai. Duk da haka, da James Kemple na Jami'ar Niyok ya bi diddigin makarantu 29 da aka rufe, ya tarar yaran da ke ciki lokacin rufewar ba su ci riba ba kuma ba su yi asara ba, amma ƙannensu da da can nan za su shiga sun samu wuraren da suka fi, gamawarsu ta ƙaru da wajen maki 15.

Shikago: shekarar farko

Birnin Shikago shi ma ya gwada ƙananan makarantu da rufe-rufe, amma abin da ya fi yi masa amfani bai buƙaci bulo ko ɗaya ba. Masu bincike na Jami'ar Shikago, Elaine Allensworth da John Easton, suka tambayi alƙaluman birnin: yaushe ne ake iya gane yaron da ba zai gama ba? Amsar da suka fitar a 2005 ita ce tun ƙarshen aji tara. Yaron da ya tara makin darasi biyar a shekarar, kuma bai faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, suka ce yana kan hanya. Cikin irin waɗannan, kashi 81 sun gama a shekara huɗu. Cikin waɗanda suka sauka daga hanya, kashi 22 ne kawai.

Abin da ya girgiza malamai ba wannan ba ne. An saba cewa yaro ya faɗi ne don ya zo daga firamare ba ya iya karatu, ko don gidansu ba lafiya, abubuwan da malamin sakandare zai ɗaga kafaɗa ya ce ba shi ya jawo ba. Sai alƙaluman suka nuna yaron da ya shigo da jarrabawa mai rauni amma ya tsallake aji tara lafiya ya fi samun damar gamawa, nesa ba kusa ba, a kan haziƙin da ya shigo da babban maki ya yi sakaci a shekarar. Kuma babban abin da ke kayar da yara a aji tara shi ne fashi. Yaron da a firamare malama ɗaya ke lura da shi yini guda, ya zo inda zai iya zamewa bayan aji na biyu ba wanda ya tambaya. Ya yi sau ɗaya ya ga shiru, ya maimaita. Kafin zango ya raba ya rasa mako biyu, lissafi ya wuce shi, kunya ta hana shi komawa.

Daga 2007 hukumar birnin ta fara aika wa kowace sakandare jerin sunaye: ga waɗanda za su shigo da alamar rauni, ga waɗanda suka fara fashi, ga masu maki a bakin faɗuwa, kuma ana sabunta shi tun zango bai yi nisa ba. Wata cibiya ta jami'ar ta riƙa horar da shugabanni da malamai yadda za su yi aiki da shi. A aikace abin ba shi da wani ƙyalƙyali. Malaman da ke koyar da 'yan aji tara su zauna sau ɗaya a mako da takardar a gabansu. A kira suna. Malamin lissafi ya ce yaron bai zo ajin farko ba sau huɗu. Malamar Turanci ta ce ai a wurinta, bayan azahar, ba ya fashi kuma yana ƙoƙari. Nan take an gane matsalar ta safiya ce, ba ta ƙwaƙwalwa ba. Wani ya ɗauki nauyin kiran gida, a tarar shi ke raka ƙanwarsa firamare kafin ya hau bas biyu. A sauya masa jadawali, ko a ba shi damar rama aikin da ya wuce shi a lokacin cin abinci. A wuce suna na gaba. Wasu makarantun suka sake duba dokokinsu na ba da maki, musamman al'adar sifili ga duk aikin da aka makara, wadda kan sa yaro ya faɗi zango tun a wata na biyu ta yadda ko ya farka babu abin da zai ceto.

Tsakanin 2007 da 2013 yawan 'yan aji tara da ke kan hanya ya tashi daga kashi 57 zuwa 82, kuma gamawa ta bi sawu bayan shekara uku, a manyan makarantun unguwa da ba a raba ba, ba a rufe ba. An yi zargin ko malamai ne suke tura yara gaba don a huta. Masu binciken suka duba makin jarrabawar ACT da 'yan aji goma sha ɗaya ke zaunawa, wadda ba malaman ke gyarawa ba, suka ga bai faɗi ba duk da cewa ƙarin yara masu rauni sun kai ga zaunawa. Tunanin bai tsaya a Shikago kaɗai ba. Tun 1994 mutanen Johns Hopkins suka ware wa 'yan aji tara sashensu daban a sakandaren Patterson ta Baltimore, da ƙofarsu da malamansu, suka ninka musu lokacin lissafi da Turanci. Da aka kai tsarin Philadelphia, binciken 2005 ya nuna halarta ta ƙaru da wajen kwana tara a shekara.

Amma zargin yana da tushe, domin duk adadin da aka rataya wa aikin mutum sai an samu mai murɗa shi. A Shikago ɗin ma, 'yan jarida sun gano a 2015 cewa wasu makarantu suna rubuta yaran da suka gudu a matsayin waɗanda suka sauya makaranta, dole hukuma ta rage adadin gamawar 2014 daga kashi 69.4 zuwa 66.3. A birnin Washington abin ya fi muni: bayan an yi ta tafa wa sakandaren Ballou a 2017, bincike ya nuna kusan ɗaya cikin uku na duk waɗanda suka karɓi takarda a makarantun birnin a shekarar ba su cika ƙa'ida ba, wasu sun yi fashin watanni. Shi ya sa ban cika yarda da adadin gamawa shi kaɗai ba sai na ga wani ma'auni a gefensa wanda makarantar ba ta da hannu a ciki.

Kuɗi kuma, in ba a san abin da za a saya da shi ba, ba ya hana komai. Gwamnatin Obama ta zuba wajen dala biliyan 7 a shirin ceto makarantun da suka fi rauni, da sharuɗɗa irin su korar shugaba ko sauya rabin malamai, binciken da gwamnatin kanta ta sa aka yi ya fito a Janairun 2017 bai ga wani tasiri na a-zo-a-gani ba. Magajin Bloomberg, Bill de Blasio, wanda ya ƙi jinin rufe makarantu, ya zaɓi 94 a 2014 ya ba su ƙarin awa da asibitin cikin makaranta da masu ba da shawara. Bayan dala miliyan 773 aka dakatar da shirin a 2019, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Akwai makaranta guda da ta ƙi shiga kowane aljihu. Sakandaren Brockton a jihar Massachusetts ta taɓa ɗaukar ɗalibai sama da 4,000, da yawansu 'ya'yan baƙi daga tsibiran Kef Bade (Cape Verde) da Haiti. A jarrabawar jiha ta 1998 kashi 44 suka faɗi Turanci, kashi 75 suka faɗi lissafi, ga shi an sanar cewa daga 'yan ajin 2003 ba mai karɓar takarda sai ya ci. Ba attajirin da ya zo. Wata malamar tarihi, Susan Szachowicz, da wasu abokan aikinta suka fara zama ranar Asabar, suka yanke shawarar abu ɗaya: kowane malami a makarantar zai koyar da rubutu. Na kimiyya, na lissafi, har malamin motsa jiki. Suka tsara matakai iri ɗaya na yadda yaro zai karanta tambaya, ya ja layi a ƙarƙashin abin da ake nema, ya tsara amsa, ya rubuta. Suka koya wa 'yan uwansu malamai a tarukan da dama ana yi, suka raba makonni sashe-sashe, ta yadda yaro zai yi aikin a ajin tarihi wannan makon, ya sake haɗuwa da shi a ajin kimiyya bayan 'yan makonni, da ma'aunin gyara iri ɗaya. Shugabannin sassa suna karɓar takardun yaran su duba ko an yi da gaske. Wasu malaman sun yi gunaguni, 'yan kaɗan suka bar wurin. Zuwa 2010 makarantar tana gaban kashi 90 cikin 100 na sakandaren jihar wajen ɗaga Turancin ɗalibanta. Ya kamata a faɗa, ita ma Brockton tun gininta a rabe take gida huɗu, kowane da shugabanninsa, don haka yaro ba a cikin 4,000 yake yawo ba. Amma abin da ta ƙara shi ne wanda Denver ta manta da shi, wato abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofar aji.

Szachowicz ta zama shugabar makarantar, ta yi ritaya bayan shekaru. A 2023 aka gano giɓin wajen dala miliyan 14 a kasafin ilimin garin, a shekarar da aka riga aka rage ma'aikata fiye da 100. Azuzuwa suka rasa malamai, aka riƙa tara yara a ɗakin cin abinci su zauna har a kaɗa ƙararrawa, faɗace-faɗace suka yawaita a barandu. A Fabrairun 2024 mutum huɗu daga kwamitin makarantun garin suka rubuta takarda suna roƙon a turo dakarun tsaron jiha su tsare sakandaren. Gwamna Maura Healey ba ta tura ba, ta ce a yi binciken tsaron makarantar a kuɗin jiha.